Garaɓasar gem ta ƙarshen shekara: wanne za a saya, wanne za a bari?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan gida, don Allah shawara nake nema. Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, sun buɗe garaɓasarsu ta Disamba, na leƙa wishlis ɗina (jerin waɗanda nake son saye) wlh kusan komai ya yi kore alamar ragi, wannan ragin kashi 75 wancan 80 wani ma har 90. Dala 30 gare ni a kati kuma ita kenan sai an yi albashi. Raina yana kan Red Dead Redemption 2 tunda ya sauko ƙasa da dala 20, canjin kuma in kwashi ƙananu. Ko in bar babban in kwashi ƙananun da yawa? Masana a taimaka

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar kuɗi, wace kwamfuta gare ka?

Ɗan Kurna: Laftof ce, core i5, ram 8

Injiniya: Girafik kad fa?

Ɗan Kurna: Wanda ya zo a jikinta ne, Intel

Injiniya: To ƙanina cire Red Dead daga lissafi tukuna. Gangara ƙasan shafinsa a Steam za ka ga abin da yake buƙata, mafi ƙanƙanta sun rubuta GTX 770 mai giga 2, ram 8, da fili giga 150 a had dis. Wannan Intel ɗin na jikin laftof ba zai ɗauke shi ba, in ma ya buɗe dokin zai dinga tafiya yana tsayawa ne fanka tana ihu har ka ji tausayin kwamfutar. Sannan giga sama da 100 ɗin da za ka sauke, da wace datar? Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 ni nauyin gem nake fara dubawa kafin farashinsa, don akwai gem ɗin dala 5 da kuɗin sauke shi ya ninka kuɗin sayensa

Bazazzagi: Ni kam ban tare da Injiniya a nan. Eh kwamfutar ba za ta ja ba yau, amma ai gem ba ruɓewa yake ba, yana nan a akawun ɗinka har ranar da Allah zai hore maka babba. Mu da muke saye da dala matsalarmu ba ragi ba ce, naira ce. Kafin Yunin 2023 dala a banki wajen N460 take, a 2024 ta wuce N1,500. Wanda ya ce bari in jira garaɓasa ta gaba a wancan lokacin ya jira ɗin, ragin ma ya ƙaru, amma nairar da ya fitar ta fi ta wanda ya saya tun farko. In abu ya sauko kuma dalar tana hannunka danna kawai baaba

Injiniya: Wa yake samun dala a 460 a lokacin? Katin naira ma yawancin bankuna sun rufe shi daga sayayyar waje, duk ta kasuwar bayan fage muke bi wajen 750. Amma bar wannan, na yarda naira ta faɗi. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa sai ka mayar da dalar ta zama gem kafin ka tsira? Yaron nan dalarsa tana cikin kati a matsayin dala, ko naira ta faɗi gobe dala 30 ɗinsa tana nan dala 30. Shi kuwa Red Dead na 2018 ne, ya zo kwamfuta 2019, tsufa yake yi, duk garaɓasa sai ya sauko. Ranar da ya sayi kwamfutar da za ta ja, gem ɗin yana nan yana jiransa

Bazazzagi: Hhh Injiniya kana magana kamar ba ka san matashi da kuɗi ba. Dala 30 ta kwana wata uku a kati? Kafin sati ya canjar ya sai shawarma. Ga kuma masu katin nan wasunsu duk wata sai sun yanki nasu

Ɗan Kurna: Wlh Bazazzagi kamar ka san ni 😂

Ƴar Jos: Sannunku. Ni tambaya ɗaya zan yi wa duk wanda ke cikin gidan nan, kowa ya buɗe laburarensa ya ƙirga gem nawa ya saya a garaɓasa bai taɓa ko saukewa ba. Kar ku faɗa min, ku dai ƙirga a ranku. Ragin kashi 90 a kan abin da ba za ka buga ba ai ba riba ka ci ba, kashi 10 ɗin ka zubar. Ni dokata in ba daren nan zan saka shi ya fara sauka ba to ba na saye, ya zauna a wishlis, ai su da kansu suke turo imel in ya sake saukowa.
Ɗan Kurna ga waɗanda laftof ɗinka za ta ja ba gardama: Portal 2 da yake saukowa har ƙasa da dala 1, Stardew Valley wanda ko ba ragi bai kai dala 15 ba kuma bai kai giga 1 ba, Terraria, sai Hollow Knight in kana da haƙurin a kashe ka a sake kashe ka. Biyu daga ciki sun ishe ka har azumi

Kwaro99: Anti wai noma zamuyi a gem kuma? Stardew fa shuka dankali ne da kiwon kaji, nida na gudo daga gonar Baba

Ƴar Jos: Kai dai fara ka gani, za ka zo kana ba ni labarin kajin

Oga Admin: Bari in sa baki don na ga sababbin shiga da yawa. Abu na farko, kar koren nan ya ruɗe ku. Kashi nawa aka rage ba shi ne magana ba, magana ita ce nawa gem ɗin ya saba saukowa. Ku shiga shafin SteamDB ku rubuta sunansa, zai nuna muku tarihin farashinsa da mafi arahar da ya taɓa yi, shafin IsThereAnyDeal kuma yana haɗa farashin shaguna daban daban. Sau da yawa za ka ga abin da ake maka ihu a kai yau an sayar da shi haka ko ƙasa da haka wata biyu da suka wuce.
Na biyu, gaggawar nan ba ta da dalili. Da can ne ake ragin sa'o'i kaɗan mutane suna kwana a gaban kwamfuta, tun 2015 Valve, kamfanin da ke da Steam, suka daina wannan a manyan garaɓasa, yanzu farashin ranar farko shi ne na ranar ƙarshe. Ta Disamba tana kaiwa farkon Janairu, akwai wata a Maris, ga babbar ta ƙarshen Yuni, ga ta kaka, ban da na tsakiyar mako da na ƙarshen mako da na kamfani ɗaiɗai. Wato da wuya ka yi wata uku ba ka ga wata ba

Bazazzagi: Oga amma ba kowane gem ke saukowa ba ai

Oga Admin: Gaskiyarka. Factorio masu shi sun ce ba sa ragi kuma ba su taɓa yi ba, a 2023 ma ƙara kuɗi suka yi daga dala 30 zuwa 35. Na Nintendo su Mario da Zelda su ma ɗan abin da ake ragewa ba ya taka kara ya karya. Irin waɗannan in kana so ka saya kawai. Shi ya sa na ce a duba tarihi, shi zai gaya maka wanne ake jira wanne ba a jira

Na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wagga matsala ta faɗuwar kuɗi ba ta cika damunmu ba tunda sefa ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai a yuro ɗaya, ba ta motsi. Namu ciwon kai hanyar biya ce da tsadar intanet. Abin da ni ka so in ƙara shi na a kula da wane bugu na gem ɗin mutum zai saya. Misali The Witcher 3, akwai shi tsura akwai kuma cikakke mai ɗauke da ƙarin labaran Hearts of Stone da Blood and Wine. Lokacin ragi tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ta, cikakken wajen dalar Amurka 10 ya kan sauko. Wanda ya ɗauki tsuran don ya ga ya hi araha, in daɗi ya kama shi ya dawo sayen ƙarin daban, sai ya biya hiye da haka

Injiniya: Wannan haka yake mutumin Maraɗi. Amma a juya ta ɗaya gefen ma, akwai masu Deluxe da Ultimate da ba komai ciki sai riga da fentin bindiga. A buɗe a karanta me ke cikin kunshin, in labari ne aka ƙara ko sabuwar taswira to da dama, in kwalliya ce a bar musu

Kwaro99: Ni duk wannan wahalar me ya kawota? Akwai shafukan da suke saida ki na gem rabin kudin Steam ko ba garabasa, kawai ka biya su turo maka lamba ka saka. Kokuma ka kunna VPN ka maida akawun dinka Turkiyya ko Ajantina ka kwashi banza

Oga Admin: Kwaro labarinka ya tsufa. Tun Nuwamban 2023 Valve suka cire lira da peso suka mayar da ƙasashen biyu kan dala, banzar da kake tunani ta ƙare. Kuma sauya ƙasa da VPN don samun araha ya saɓa yarjejeniyar da ka danna ka amince, ba za ka iya sauyawa ba ma sai da katin biya na ƙasar. Ka tara gem na shekaru a akawun sannan ka sa shi a haɗari saboda dala 4?

Mai Gidan Gem: Maganar ki ɗin nan ku bi a hankali. Akwai shagunan da suke karɓo lambobinsu kai tsaye daga kamfani irin su Humble Bundle da Fanatical, waɗannan ba matsala. Akwai kuma kasuwar da kowa ke zuwa ya baje nasa ba ka san inda ya samo ba. Wani shafi ya taɓa sayar min da lamba, ta yi aiki lafiya, muna cikin bugawa da yara rannan na tashi na tarar an zare gem ɗin daga akawun, ashe da katin sata aka saye ta tun asali. Na yi musu magana suka dinga min yawo da hankali har na gaji na bari. Wata lambar kuma ta wani yanki ce ba za ta buɗe a nan ba sam, kuma sun rubuta da ƙananan baƙi can ƙasa inda ba mai dubawa

Kwaro99: To ai ni bantaba samun matsala ba

Mai Gidan Gem: Allah ya sa ka ɗore a haka

Ɗan Kurna: To wai in na saya a Steam ɗin ya ƙi yi a kwamfutata shikenan kuɗina ya tafi?

Oga Admin: A'a, suna mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Ko dalilinka kawai bai maka daɗi ba ne. Har wanda ya saya jiya yau aka yi ragi, sun yarda ya mayar ya sake saye a sabon farashi. Shagon gem na Epic ma kusan haka dokarsu take, shagon GOG kuwa har kwana 30

Injiniya: Amma ga inda dokar nan take cin mu mu 'yan nan. Kwana 14 ɗin daga ranar da ka biya ake ƙirgawa ba daga ranar da ya gama sauka ba. Mutum ya sayi gem mai giga 100 yana sauke shi da datar dare, yau sabis ya gudu gobe NEPA sun ɗauke jibi data ta ƙare, kafin ya ga fuskar gem ɗin wa'adi ya cika. Wanda ya kwashi guda goma lokaci ɗaya kuwa ai ba zai gwada ko rabinsu ba kafin lokaci ya wuce, to ka ga wani dalilin kenan na bin maganar Ƴar Jos. Awa 2 ɗin ma ku lura, muddin Steam yana nuna gem ɗin a kunne ƙirgawa yake, ko kana maƙale ne wajen buɗe akawun na kamfanin ko kana gyara saiti. Kana buɗewa ka shiga wasan kai tsaye ka ga ko yana ja

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in katse ku, ni ba na bugawa, yarana ne suke da PS5 sun ishe ni wai ana ragi in saya musu. A can ma haka ake mayar da kuɗin?

Mai Gidan Gem: Hajiya na PlayStation ya fi tsauri. Kwana 14 ne shi ma amma da zarar an fara sauke gem ɗin magana ta ƙare sai dai in lalatacce ne. Sannan tunda babu Najeriya a jerin ƙasashen da ake buɗe akawun da su, yawanci na Amurka ko Ingila ake buɗe mana, to ki tambayi yaran nasu na wace ƙasa ne kafin ki sayi katin kuɗi, katin Amurka ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Kuma don Allah kar ki bar katin bankinki a maƙale a ciki, in ma kin bari ki shiga saiti ki kunna inda sai an saka fasuwod kafin a biya. Yaro da fad ɗin buga gem a hannu lokacin garaɓasa ba ya jin kira

Maman Biyu: Na gode Malam, wlh da katin zan saka in ba su

Bazazzagi: Ni a PS faifai na fi yarda da shi. Ka je Beirut Road ko Banex ka samu na hannu, ka buga ka gama ka sayar ko ka yi musanye ka ɗora ɗan wani abu. Wanda ka saya a intanet ko kashi 70 aka rage maka ya zauna maka kenan, ba sayarwa ba kyautarwa

Mai Gidan Gem: Haka ne in injinka mai cin faifai ne, don akwai PS5 ɗin da ba shi da wajen sakawa. Kuma faifan ma yanzu kana sakawa zai ce sai ka sauke abdet. Wani abin kuma in faifan na yankin Turai ne akawun ɗinka na Amurka, ka sayi DLC, wato ƙarin wasan da ake sayarwa daban, a ragi ya ƙi hawa. Da yawa sun zo min shago da wannan kukan

Kwaro99: Oga mai gida gem din kwallo na FC fa? a jira ko a saya

Mai Gidan Gem: Ya danganta da waye kai. Ni dole ranar da ya fito a ƙarshen Satumba in saya da cikakken kuɗinsa kusan dala 70, don in yara suka shigo suka ga ɗan wasan da ya koma wani kulob yana nan a tsohon kulob ɗinsa gidan gaba za su tafi, ni jari ne kuma yana dawowa. Amma kai da za ka buga a ɗaki kai da abokanka me kake ci na sauri? Zuwa Black Friday a ƙarshen Nuwamba ya fara saukowa, Disamba ya ƙara. FC 24 da ya fito Satumban 2023, a Mayun 2024 cikin gem ɗin da ake rabawa duk wata aka bayar da shi ga masu biyan kuɗin PS Plus na PlayStation. Sai dai kar jiran ya yi yawa kuma, wanda ya saya a Agusta don ya ga ya yi arha tuɓus saura wata ɗaya sabo ya fito kowa ya watse ya bar shi. In kuma aljihu ba nauyi eFootball, shi ma gem ɗin ƙwallo, kyauta ne tun 2021

Bazazzagi: To kun ga, ashe dai akwai inda jira yake cutarwa. Na gode Oga ka rama min

Injiniya: Ai ƙwallo daban, shi duk shekara yake mutuwa. Red Dead ba ya mutuwa

Ƴar Jos: Tunda an zo nan, masu biyan kuɗi tun gem bai fito ba su ma a yi musu nasiha. Cinikin biri a sama ne. Cyberpunk 2077 da ya fito Disamban 2020 a PS4 haka ya zo a birkice har Sony suka cire shi daga shagonsu sai Yunin 2021 ya dawo. Waɗanda suka yi haƙuri sun same shi a gyare kuma a rabin kuɗi. Ku jira mutane su buga, ku karanta ra'ayoyin baya bayan nan a shafin ba na shekarun baya ba

Na Maraɗi: Kuma Injiniya da ka ce ba ya mutuwa, wasu suna mutuwa hwa. The Crew na Ubisoft an kashe sabarsa ƙarshen Maris 2024, wanda duk ya saya ko da faifai gare shi ba ya buɗewa. Steam ma tun 2024 suna rubuta ma wajen biya cewa lasisi ka ka saye. Shi ya sa in na ga tsohon gem da ba ya yi sai da intanet an yi mai ragi mai yawa ni kan tsaya in bincika ko akwai sauran mutane ciki. Ni GOG ta hi kwanta min, za ka sauke fayil ɗin sakawa ka aje a had dis, ko babu intanet ka saka abinka, mu da sabis ke zuwa yana tahiya wannan ba ƙaramin abu ba ne

Oga Admin: Kuma kar a manta da na banza halal. Epic duk Alhamis suna bayar da gem kyauta, a irin wannan lokacin na Disamba ma kullum suke sakin ɗaya. GTA V sukutum suka bayar a Mayun 2020 har shagon ya durƙushe don cunkoso. Ko ba za ka sauke yanzu ba ka danna ka karɓa ya zauna, a nan ne kaɗai na yarda da tarin Bazazzagi tunda ba ko sisi. Kafin ka biya kuɗi a wani waje ma ka fara leƙa can, ta yiwu kana da gem ɗin ka manta

Bazazzagi: Wato ni ne mai tari ko 😂 to ba komai, duk ranar da naira ta sake nutsewa zan dawo in nemo wannan hirar

Kwaro99: Injiniya tambaya ta karshe, inada abokin da yake da Witcher a kwamfutarsa, in na saya dole sai na sake saukewa da datata?

Injiniya: Ba dole. Ka saya a akawun ɗinka tukuna, shi ma in na Steam ne nasa sai ka kwafo fayilolin daga cikin steamapps zuwa had dis ka zuba a naka, ka danna install zai gano su ya duba ya sauke ɗan abin da ya rage kawai. In kuma kuna waje ɗaya ku hau wifi ɗaya, tun 2023 Steam yana iya turawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta kai tsaye, sai dai ku kunna shi a saiti ku ba abokai izini. Ka tabbatar nasa ya yi abdet kafin ka je, in ba haka ba kai za ka biya datar

Kwaro99: To wa yake da had dis na aro a Hotoro, nawa ya cika da finafinan biki

Mai Gidan Gem: Zo shago bayan la'asar akwai guda a ƙasa, amma ka dawo min da shi kafin Juma'a kuma kar ka goge min komai a ciki